WA KE KOYA WA 'YA'YANMU RAWA?

Jama'a ku yi haƙuri, rubutun yau yana da tsawo. Kwana huɗu ke nan ina juya maganar nan a raina, na rubuta na goge har sau biyu, don na san akwai abokaina da za ta ɓata wa rai, kuma ba ɓangare ɗaya ba. Amma tunda ɗiyata tana cikin bidiyon da ke yawo, ba ni da hurumin yin shiru.

Ranar Asabar aka yi bikin ƙarshen shekara a makarantar su Ummi nan Wara. Ba zan kama sunan makarantar ba, kuma don Allah wanda ya sani ya bar shi a cikinsa, don abin da aka yi can ana yin sa a kusan kowace makarantar kuɗi daga nan har Yelwa. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, an ɗauko dije da manyan lasifikoki. An buɗe da addu'a, yara sun yi karatun Alƙur'ani, an yi muhawara da Turanci, an raba kyaututtuka. Lafiya lau. Sai mai gabatarwa ya ce yanzu 'yan aji ɗaya za su nishaɗantar da iyaye.

Sai ga yara mata takwas sun fito cikin anko. Babbarsu ba ta wuce shekara 7 ba. Ummi shekararta 6. Dije ya saki wata waƙa ta 'yan Legas, wadda duk mai jin Turancin buroka ya san ba ta zaman iyali ba ce. Yaran suka juya mana baya suka fara wata irin rawa da ko babbar mace ba za ta yarda ta yi ta a gaban surukinta ba. Wuri ya ɗauki sowa. Iyaye mata suka miƙe da 'yan ɗari bibbiyu ana liƙi, wayoyi sama da talatin sun ɗaga. Zan faɗi gaskiya ko da a kaina ne: ni ma na ɗaga tawa. Daƙiƙoƙin farko dariya nake, ina cewa ka ga 'yar banza ta iya. Sai da na hangi wasu samari 'yan acaba da suka tsaya a bakin katanga, na ga irin kallon da suke yi da irin dariyar da suke yi, sannan hannuna ya yi sanyi na sauke wayar.

Da muka koma gida na ce, Ummi wa ya koya maku? Ta ce Anti. Yaushe? Kullum bayan tara, sati uku. Da me? Da wayarta, sai ta kunna TikTok mu kalla mu yi, wadda ta yi kuskure a sake.

Sati uku, kullum, da malama, da lokaci, da gyaran kuskure. To wannan in ba aji ba mene ne? Ashe muna da ajin koyon rawa a makarantunmu, mu ne ba mu sani ba. Ba a rubuta shi a jadawali ba, ba a tambayi uba ba, ba wanda ya duba abin da ake koyarwa, amma yana nan yana ci, kuma da kuɗinmu, don ni da hannuna na biya kuɗin fati da na anko.

Ranar Litinin na je na samu hedimasta. Mutumin kirki ne, ya girme ni, ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, "Baban Ummi, wallahi ni ma ba son raina ba ne. Amma bara da muka yi biki babu dije, iyaye cewa suka yi makarantar ta tsiyace, har da waɗanda suka cire 'ya'yansu. Kuma ka duba bidiyon da kyau ka gaya mani su wa ke liƙi." Na rasa amsa. Su wa ke liƙi? Matanmu ne da ƙannenmu. Malamar da ta koyar yarinya ce da ba ta daɗe da gama sakandare ba, albashinta bai kai kuɗin buhun shinkafa ba, an ce mata ta shirya abin da zai burge iyaye, ta ɗauko abin da ta sani. Ban ga laifin da zan ɗora mata ba wanda ban fi ta shi ba.

Wannan ɓangare ɗaya ke nan, kuma ba shi ne ya sa ni rubutu ba, don kowa ya yarda abin da aka yi bai dace ba. Abin da ya sa ni rubutu shi ne maganin da na ji ana ta bayarwa tun da bidiyon ya shiga zaurukan WhatsApp. A hana! A hana rawa a makarantu gaba ɗaya, a hana kiɗa, a hana biki, yaro ba shi ba rawa. Wani abokina da muka yi firamare tare har cewa ya yi duk uban da ya bar ɗiyarsa ta taka rawa, kowace iri ce, ya saki layi. Na ce masa, Malam, uwarka da ta haife ka ta yi gaɗa ko ba ta yi ba? Ya ce wannan daban. To ai maganar ke nan! Daban ne. Kuma wannan bambancin shi ne abin da muka kasa koya wa yara, muka dunƙule komai muka kira shi rawa, sannan muka rabu gida biyu: masu liƙi da masu tsinuwa. Yaron kuma yana tsakiya da waya a hannu.

Ku gwada hana yaro ɗan shekara 3 motsa jiki in ya ji kiɗa. Ko turmi ake daka da luguden nan na mata biyu, za ka ga yana tsalle. Ko injin markaɗe ne. Haka Allah Ya halicce shi. Yaro zai yi rawa ko mun so ko mun ƙi, abin da ya rage a hannunmu shi ne wace iri, a wace shekara, a gaban wa, kuma wa ya koya masa. Iyayenmu da ba su yi boko ba sun warware wannan tun kafin a haife mu.

Bari in tuna wa waɗanda suka manta yadda dandali yake. In an yi farin wata, an ci tuwon dare, yara kan fita. Amma ba a cakuɗe ake ba. Ƙanana suna gefe kusa da tsofaffi masu sayar da gyaɗa da ƙuli, suna 'yan tafe-tafensu da zagaye, in barci ya ɗauke su a saɓa su a kai gida. Maza suna can suna langa da kokawa, wanda ya iya tsayuwa da ƙafa ɗaya ya ture abokinsa shi ne gwani. 'Yan mata kuwa suna nasu wuri suna gaɗa. Wanda bai taɓa tsayawa ya kalli gaɗa da idon basira ba, bai san abin da muka yar ba. Za su tsaya kamar rabin da'ira, ɗaya tana ba da waƙa saura suna amshi, tafi yana tafiya daidai ba mai riga wata. Sai ɗaya ta fita fili, ta ɗan taka, ta juyo da baya ta saki jikinta gaba ɗaya ta faɗo. Ba ta waiwaye. Ƙawayenta su cafe ta su cilla ta sama, ta dira da ƙafafunta, ta koma layi, ta gaba ta fito. Yarinyar da ta yi wannan ta koyi lissafin lokaci, ta koyi jiran layinta, ta koyi riƙe waƙa da ka, ta koyi cewa in ta yi sakaci da hannunta 'yar'uwarta za ta fasa ƙeya. Kuma ba a sa 'yar shekara 5 a tsakiya. Tana gefe tana tafi tana kallo, sai ƙashinta ya yi ƙwari, sai yayyenta sun ga ta isa, sannan a ce to fito. In wata ta kawo waƙar da ta wuce gona da iri, akwai babbar yarinya da za ta ce ke, ba a yin wannan a nan. In namiji ya matso, a kore shi da waƙa har sai ya ji kunya. In yarinya ta isa aure, ta yi sallama da dandali.

Wannan makaranta ce, da azuzuwanta da malamanta da dokokinta, sai dai ba ta da allo da rajista. Ba na cewa dandali aljanna ne. An yi tsarince a wasu wurare, an yi abubuwan da malamai suka yi wa'azi a kai, kuma sun yi daidai. Amma da muka tashi gyara, sai muka zubar da ruwan da tulun gaba ɗaya.

Kuma ba wa'azi kaɗai ya kashe shi ba. Bidiyo ya zo, gidan kallo ya zo, waya ta zo ta ƙarasa. Mu nan kuma muna da namu ƙarin. Tun ranar 17 ga Yuni 2021 da aka shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri aka kwashi ɗalibai, waɗanda na ƙarshensu ba su dawo gida ba sai a 2023, wane uba ne a ƙasar Ngaski zai bar ɗiyarsa a waje bayan isha'i don wata ya yi haske? Ni ban bari ba, kuma ba zan ce wa kowa ya bari ba. To yaro yana ɗaki tun magariba, jikinsa yana neman motsi, abin da ke gabansa wayar uwarsa ce. Mun rufe masa dandali, mun hana a yi a makaranta a fili, sai muka bar shi da malamin da ba ya tambayar shekara. TikTok ba ta san Ummi 'yar shekara 6 ba ce. Abin da za ta nuna wa matar aure 'yar 30, shi za ta nuna mata in wayar ɗaya ce.

Masu cewa addini, ina jin ku, kuma ba na wasa da maganarku. Ni ma ban yarda da cakuɗa maza da mata baligai a fili ana kaɗa jiki ba, ban yarda da waƙar batsa ba, ban yarda a tara maza su zuba wa yarinya ido ba. Amma mu riƙa faɗin magana da cikarta. Labarin Habashawan da suka yi wasa da masu a masallacin Manzon Allah (SAW) ranar idi, Nana A'isha tana kallo, yana cikin Bukhari da Muslim, ɗalibin Islamiyya ma ya san shi. Kuma a Islamiyyun namu, ranar saukar karatu, yara ba sa jeruwa suna rera waƙe suna rangaji, ana taka ƙafa tare? Wa ya ce sun saki layi? Ashe dai mun san akwai motsin da ya dace da yaro. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya yi fatawa a Facebook da azahar, da dare ya miƙa wa 'ya'yansa waya don su bar shi ya huta, bai san abin da suke kallo ba. Wannan ba tsaron tarbiyya ba ne, wanke hannu ne kawai.

Abin da ya fi ba ni haushi ma, Turawan da muke cewa su suka lalata mana yara, su a wajensu abin da tsari yake. A Ingila akwai wata cibiya, Royal Academy of Dance, tun 1920 take, aikinta tsara abin da za a koya wa yaro a kowane mataki da yi masa jarrabawa kafin ya wuce gaba. 'Yan shekara 3 da 4 ba a koya masu komai sai tsalle da gudu da tafi da sanin dama da hagu. Rawar nan tasu ta bale da ake tsayawa a kan tsinin yatsun ƙafa, ba a barin yarinya ta fara tsayuwar sai ta kai wajen shekara 11 ko 12, don ƙashin ƙafarta bai gama ƙwari ba. Kun ji fa. Daidai da hikimar yayyenmu a dandali da ke cewa ke tsaya gefe tukuna. Su sun rubuta tasu sun mai da ita sana'a, mu mun yi wa tamu dariya mun ce ƙauyanci ce, sannan muka je muka kwaso abin da su kansu ba za su sa a ajin 'yan shekara 6 ba.

Kuna tuna yaron nan na Legas, Anthony Madu, da bidiyonsa ya zagaya duniya a 2020 yana rawar bale cikin ruwan sama ba takalmi, yana ɗan shekara 11? Daga baya har makaranta ya samu a Birmingham. Malaminsa, Daniel Ajala, a unguwar talakawa ya buɗe ajin, kyauta yake koyarwa. Ban kawo shi don a kawo mana bale Wara ba, Allah Ya kiyaye, ba tamu ba ce kuma ba ma buƙata. Na kawo shi ne don a ga abin da mutum ɗaya ya yi da fili ɗan kaɗan da lokaci tsayayye da sanin abin da yake koyarwa. Mu da muke da abin koyarwar jibge, me muka yi da shi?

Nan ne maganar ta fi yi mani ciwo. Ƙasar Yauri ba ƙasar kabila ɗaya ba ce. Akwai Gungawa, akwai Kambari, akwai Lopawa, akwai Shangawa, akwai Dukkawa, ga Sarkawa masu su, ga Fulani, ga Hausawa. Kowa da kiɗansa, kowa da takunsa: na gona daban, na kaka daban, na aure daban, na ruwa daban. Wanda ya taɓa ganin matuƙa a jirgi ɗaya suna sa filafili a ruwa lokaci guda bisa bugun ganga ya san rawa ba a ƙasa kaɗai ake yin ta ba. Amma ku je ranar al'adu a makarantunmu ku ga abin da ake yi. Rukuni ɗaya za su yi koroso ta Kano, wani rukuni su ɗaura baƙi da fari su yi suwange ta Tibi, wasu su yi ta Inyamurai, duk daga waya aka koya. Ba laifi, Najeriya ce, yaro ya san na wasu. To ina namu? In an tuna da namu, sai a samu yaro a shafa masa gawayi, a ɗaura masa tsumma, a ba shi gora da sanda, a ce ga Bakambare, ya fito yana hauka ana dariya. A ajin nan akwai 'ya'yan Kambari suna zaune suna kallo. Me muka koya masu? Mun koya masu cewa abin gidansu abin dariya ne, in suna son a ɗauke su mutane su nisance shi. Ko a Kano da hukumar tace finafinai ta hana bikin ranar ƙauyawa a 2025, ni abin da ya daɗe yana damuna da bikin shi ne wannan: ba al'adar ake rayawa ba, mutanen karkara ake kwaikwayo don a yi dariya.

Kuma lokaci ba ya jiranmu. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, ruwa ya cika a 1968, aka tashi mutane sama da 40,000 daga gungu da bakin kogi aka kai su sababbin matsugunai. Garuruwa da filayen wasansu da itatuwan da ake taruwa a ƙarƙashinsu suna ƙarƙashin tafkin nan da muke kamun kifi a kai. Abin da ya tsira shi ne abin da mutane suka ɗauko a ka da ƙafa. Wanda yake ɗan shekara 10 a lokacin, yau yana neman 70. Su ne na ƙarshe da suka ga yadda ake yi a tsohon wuri. Harshen Shangawa ya kusa ƙarewa a bakin yara, na Gungawa ma Hausa tana cinye shi a gidaje da yawa, kuma in harshe ya tafi waƙar da ake takawa da ita ta tafi. Kowace shekara muna binne tsofaffin nan ɗaya bayan ɗaya, mu yi addu'ar uku mu watse, ba wanda ya ce Inna tsaya ki nuna wa jikokinki.

Muna alfahari da Rigata, kuma ya kamata mu yi. In an yi ta Yelwa takan cika, manyan baƙi su zo, a yi tseren jirage, ƙungiyoyin gargajiya su fito. Amma ku lura da shekarun masu fitowar. Ku ƙirga furfura. Bikin kamun kifi na Argungu ya shiga kundin UNESCO na al'adun duniya a 2016, hawan sallar Kano ya shiga a 2024, mu ma muna fatan wata rana a ji sunan tamu. To da wa za a yi ta nan da shekara 20? Da yaran da muka koya wa cewa rawar kakanninsu ƙauyanci ce ko kuma haramun ce, muka bar su da ta TikTok?

Na san abin da wani zai ce, don an riga an ce mani: yaranmu ba su iya karatu ba, ajujuwa ba rufi, malamai ba albashin kirki, ga rashin tsaro, kai kana maganar rawa. Gaskiya ne, duk akwai. Amma sati ukun da aka kwashe ana koya wa su Ummi abin da aka koya masu, daga lokacin karatun aka cire shi, ba wanda ya ce ajujuwa ba rufi. Kuɗin dije da na janareto da na anko daga aljihunmu suka fito. Lokacin yana nan, kuɗin yana nan, har darasin ma yana nan: ku buɗe sakamakon jarrabawar ɗanku na firamare za ku ga wani darasi da ake rubutawa CCA, na al'adu da fasaha ne, yana cikin manhajar gwamnatin tarayya, kuma kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo suna cikinsa. Yadda ake koyar da shi a yawancin makarantunmu shi ne malami ya rubuta a allo, rawa ita ce motsa jiki bisa kiɗa, yara su kwafa, su haddace, su ci tamanin bisa ɗari, ba wanda ya ɗaga ƙafa. Ni ban roƙi a ƙara ko kwabo ba. Cewa na yi abin da ake kashewa a juya shi.

Kuɗin da aka ba dije na yini ɗaya zai biya tsohuwa biyu ladan zuwa makaranta duk ranar Alhamis har zango ya ƙare. A kowace unguwa akwai su, suna zaune suna tsinkar zogale, ba wanda ya tambaye su komai. A ba su 'yan mata, malama tana zaune tana kallo tana rubuta waƙoƙin, wadda ba ta dace ba a ajiye ta. 'Yan ƙanana a bar su da tafi da zagaye da tsalle, maza da mata ba komai a wannan shekarun. Daga aji uku a raba, mata su shiga gaɗa sosai, maza a nemo masu wanda ya san takun noma ko na matuƙa jirgi, ga langa ga kokawa. Ɗan Kambari ya je gida ya tambayo nasu ya zo ya koya wa ajin, a tafa masa a matsayin mai ilimi, ba abin dariya ba. Makarantar da ke da 'ya'yan Kirista da Musulmi, wannan ne ma abin da zai haɗa su ba gardama, don kakanninsu tare suka yi. In ranar biki ta zo, 'yan matan da suka fara girma su yi nasu a cikin gida gaban iyaye mata, kamar yadda ake yi a da. Kuma a kafa doka ɗaya mai tsauri: duk waƙar da za a sa a taron yara, hedimasta da wakilin iyaye su saurare ta daga farko har ƙarshe, in da Turanci ce a samu mai ji ya fassara masu. Liƙi a jikin yarinya kuma a daina. Mai son ba da kyauta ya ba malama ta raba. Yarinyar da ta tashi ta san in ta kaɗa jiki kuɗi na zubowa a goshinta, kada mu zo muna salati in ta kai 16.

Uban da ya ce shi ɗiyarsa ba za ta shiga ko gaɗar ba, hakkinsa ne, a ƙyale masa. Amma ya san ya ɗauki nauyin nemo mata abin da zai maye gurbin, don jikinta ba zai zauna ba.

Jiya da la'asar na ɗauki Ummi na kai ta wajen Inna. Sunanta ta ci, don haka ba ta kiran ta sai takwara. Na nuna wa Inna bidiyon. Ta kalla shiru, ta miƙo mani wayar ta ce, "Wagga ba rawa ba ta, wahala ta. Ji yadda ɗiyan ga ke kallon malama suna tsoron kuskure, ko guda ba ta dariya." Wallahi sai da na sake kallo. Gaskiyarta. Mu ne ke dariya, su fuskokinsu a ɗaure.

Sai ta ce, "Takwara, kira mani ƙawayenki." Aka tattaro yara biyar na maƙwabta. Inna da ke cewa gwiwa ta hana ta zuwa ko'ina, ta dafa bango ta miƙe, ta jera su, ta nuna masu tafin. Sau huɗu suna ɓatawa. A na biyar ya zauna. Ta ɗauko wata waƙa da rabona da jin ta tun ina ɗan aji biyu, muryar tana rawa amma ba ta manta ko baiti ɗaya ba. Matan gida suka bar girki suka fito, matata da ta fi kowa liƙi ranar Asabar tana cikin masu amshi. Ummi ta ce ita za ta faɗa a cafe ta. Inna ta ce a'a, ke da saura, bana tafi za ki koya. Ta ɓata rai na minti ɗaya, ta koma layi.

Hedimasta ya yarda a sa maganar a taron iyayen yara na farkon zango mai zuwa, kuma Inna ta ce in za a zo a ɗauke ta a mashin, ranar Alhamis ba ta da aiki. Saura mai ganga. Wanda ya san wani dattijo a Wara ko Libata ko cikin Ngaski da ya san kiɗan matuƙa jirgi ko na noma, kuma zai iya haƙuri da yara, don Allah ya yi mani magana kafin a koma hutu.